Littafin Hanyar Fanna

Kolere, Mubi
4 ga Yuli

Ƙanina Muktar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ya karatu, ya baƙunta, ya haƙuri da barkonon Indiya? Baba lafiya lau, in ban da gwiwar nan tasa da ke tashi duk damina, da idon da ya ƙi yarda ya dushe. Har yanzu cewa yake idonsa garau, mutanen zamani ne suka ƙanƙance komai. Ruwa kam ana samu. Hanyar unguwa ta koma kunu, masu keke a bakin titi suke sauke mutum su ce ya ƙarasa da ƙafa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kira. 'Yarka Fanna kunne gare ta kamar zomo. Da na ambaci asibiti a waya sai in gan ta a bakin ƙofa, wai takalminta take nema. Shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo maka. Kai ma ka riƙa amsa mini haka.

Da farko dai godiya. Na daɗe ina yawo da hotunan ƙirjin yarinyar nan tsakanin Mubi da Yola, duk likitan da ya duba sai ya ce ramin da ke zuciyarta sai an fita waje. Kai ka bi ofis-ofis a ƙasar da ba taka ba, har gidauniyar nan ta yarda ta ɗauki nauyin aikin. Wanda na goya yana jiƙa mini zane, yau shi ne ya share mini hawaye. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka masu yi maka. Biza ta fito, ni da ita, tafiya ƙarshen watan gobe in Allah ya yarda.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Mai tafiyar ta ce ba inda za ta. Da birgima take yi irin ta 'yan shekara takwas, da na san maganinta. Ba ta birgima. Kallona ta yi ta ce, "Umma, Indiyan ya fi Yola nisa?" Na ce ya fi. Ta ce, "To ba zan je ba." Ka san Yola aka kai babanta, marigayi Abdullatif, bai kuma dawo ba. Kuma ka san ba yarinyar da za a ja da ƙarfi ba ce. In ta yi kuka mai tsawo leɓɓanta kan yi baƙi, numfashi ya sarƙe, likita kuwa ya gargaɗe ni a kan haka. In ba da yardarta ba, ban san yadda zan ɗora ta a mota ba, balle jirgi. In kuma ranar nan ta wuce mu, Allah kaɗai ya san yaushe za a sake ba mu wata.

Na yi tunanin ko in ta ga hanyar da idonta tsoron zai ragu. Na bar keken ɗinkina na zagaya shagunan littattafai na cikin kasuwa, aka sayar mini da littafin taswira na 'yan sakandare. Muka buɗe tare. Indiya na can ciki an shafa mata ruwan hoda, tsakaninmu da ita teku ya cinye shafi guda. Muka nemi Mubi da ƙyar, sai ga ta kamar kashin ƙuda. Fanna ta ce, "Ina gidanmu?" Sai ta rufe littafin ta tafi wurin kakanta.

Don Allah, ku da kuke ƙasar littattafai, ka nemo mana na yara, mai hotuna, wanda zai nuna mata hanya daga nan har can. Baba na gaishe ka, ya ce ko har yanzu kana nan da gemun nan mai kama da na bunsuru.

Yayarka,
Sumayya

Haidarabad
15 ga Yuli

Adda Sumayya,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na ji daɗin jin kuna lafiya. Ni ma lafiya lau, karatu sai godiya. Nan ma damina ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ki gaida Baba, ki ce masa gemu na nan, ya ma ƙara tsawo. Zancen godiya kuwa ki bar shi. In aka fara lissafin goyo da wankin zane, ni ne zan sha kunya.

Adda, kin ba ni aiki. Na shiga shagunan littattafai har ƙafata ta gaji. Akwai na yara masu kyau, wani har buɗe shi ake dutse ya miƙe tsaye. Amma wane mai buga littafi ne ya taɓa jin Kolere? Da na ce wa wani mai shago Mubi, sai ya ɗauko mini taswirar Mumbai yana murna. Ganin haka na sayi takarda da fensir masu launi, na zauna na zana da kaina. Kin san tun firamare zane kaɗai nake cinyewa ba tare da bulala ba.

Shafin farko ƙofar gidanmu ce, da mangwaron nan da bencin da ke ƙarƙashinsa. Daga bakin ƙofar na ja ɗigo-ɗigo ja, su ne hanya, suna ratsa kowane shafi su faɗa na gaba. Ta sa yatsa a kansu ta bi. Za ta ga gadar kogin nan namu da muke ce wa mayo, da tasha, da Mararraba, da duwatsun Hong. A Gombi na zana mai gasa masara, don na san ba za ki wuce ba ki saya ba. Sai Song, sai babbar gadar Binuwai da kwale-kwale a ƙarƙashinta, sai filin jirgin Yola. Abuja na ba ta shafi ɗaya, Habasha inda za ku canza jirgi ita ma ɗaya. Tekun nan da ya ba ta tsoro na matse shi ya koma rabin shafi, na zuba masa kifaye masu dariya. Bayansa ga ni tsaye ina ɗaga hannu. Ban yi rubutu da yawa ba, na fi so ke ki riƙa ba ta labarin da baki.

Shafin ƙarshe ɗakin asibiti ne. Na je na leƙa shi da kaina, gado ne fari kusa da taga, ta tagar ana hango wata bishiya. A nan na tsaya. Abin da ke bayan wannan shafin ba ni da ikon zana shi yanzu, likitan ma da na tambaye shi ya ce ba abin da zai iya faɗa tukuna.

Na tura hotunan zanen wa Tizhe mai shagon kwamfuta na bakin titinmu. Na roƙe shi ya buga da launi ya haɗa shi littafi. Ki je ki karɓa, ki sumbaci goshin Fanna ki ce in ji Kawu.

Ƙaninki,
Muktar

Kolere, Mubi
20 ga Yuli

Muktar,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da ƙarfin doguwa.

Me likitan ya gaya maka? Na karanta layin nan naka har na haddace shi. "Ba ni da ikon zana abin da ke bayan wannan shafin." "Ba abin da zai iya faɗa tukuna." Muktar, ni na rufe wa mijina ido. Na san irin maganar da likitoci ke yi in ba sa son faɗin gaskiya, kuma na san ka, tun kana yaro in ka fasa abu sai ka yi ta kewaye-kewaye. In akwai abin da suka gani a hotunan da ba su gaya mini ba, ka faɗa mini kai tsaye. Uwarta ce ni, ba baƙuwa ba.

Littafi ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinka ba. Tizhe ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce, "Madam, yarinyan nan namu ne duka." Ya haɗa shi da zoben roba. Ledar da ake sawa a fuskar littafi ta ƙare masa, sai ya sa kwali shuɗi gaba da baya, ya ce in kawo daga baya ya gyara. Fanna ta rungume shi tun daga shagon. A gida ta sa yatsa a kan ɗigon tana bi tana dariya, ta gane mangwaro, ta gane mai masara, ta ce gemunka ya fi na gaske kyau. Na ce alhamdu lillahi, an rabu da Bukar.

Ashe da saura. Ta iso kan gadon, ɗigon ya ƙare. Ta juya shafin, sai kwali. Ta sake juyawa, ta leƙa ko wata takarda ta manne. Sannan ta ɗago ta ce, "Umma, daga nan sai ina?" Kafin in haɗa amsa ta ce, "Abba ma a nan nasa ya ƙare."

Tun ranar ba ta cin abincin kirki. Littafin ta cusa shi ƙarƙashin buhun masara. Jiya na ambaci ɗinka mata rigar tafiya, ta yi kukan da sai da muka kwantar da ita muna mata fifita. Ban ce laifinka ba ne. Amma ka amsa mini da gaggawa, don hankalina ba ya jikina.

Sumayya

Kolere, Mubi
2 ga Agusta

Muktar,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru. Na kira wayarka a ɓoye daga shagon Tizhe, a kashe. Kullum in na idar da salla sai na duba ko ka turo wani abu. Shirun nan naka ya fi layin nan cin raina, don na fassara shi yadda ka san zan fassara. Duk da haka ga labari, ko kana so ko ba ka so sai ka ji shi, domin ba ni da wanda zan ba.

Ranar Juma'a da la'asar Baba ya sa a ɗauko masa masara za a kai niƙa, sai ga littafi ya faɗo. Ya ce na mene ne, na ce na Muktar ne da ya zana wa Fanna hanya. Ya fita da shi kan benci, ya ƙwala kira, "Ina amaryata? Zo ki karanta wa mijinki, idona yau yana hutu." Ta fito tana jan ƙafa, don ka san shi kaɗai ne ba ta iya yi wa musu.

Ka san Baba bai taɓa riƙe littafin boko ba. Duk abin da ya karanta a duniya, daga Alƙur'ani har takardun ajami na cinikin shanu, ta dama ake buɗe shi. Ga kwali iri ɗaya gaba da baya. Sai ya juya shi yadda ya saba, ya yi bismilla, ya buɗe. Gadon asibiti ne ya fara bayyana. Ina tsaye a zaure ina kallonsu.

Fanna ta ce, "Kaka, ka juya shi! Ta nan ne ƙarshe."

Ya ce, "Ke za ki koya mini buɗe littafi? Tun ba a haifi kakan malaminku ba ta nan ake buɗewa. Wannan farin mene ne?"

Ta ce, "Gado."

Ya ce, "Yawwa. Yaron nan ashe ya yi hankali a can, ya san inda ake farawa. Zuwa ai ba a koya wa mutum, direba ke kai shi. Dawowa ake koya wa yaro. Da muke kora shanu zuwa Kamaru, maigidana in muka yi 'yar tafiya sai ya ce in juya in kalli baya, don hanya ba fuska ɗaya gare ta ba. To, kin tashi daga gadon nan, an sallame ki, kin sa takalminki. Buɗe mana gaba."

Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ga yatsanta ya sauka a kan ɗigon. Na rufe bakina.

Shi ba ya gani sosai, saboda haka ita ke faɗin abin da ke kowane shafi, shi kuma yana ɗora labari. Da suka zo kanka ya ce wannan bunsurun na waye, ta ce Kawu ne, ya ce to ku yi sallama da shi, ki ce ya aske. Suka haye teku, ya ce kifayen murna suke an warke. A Habasha ya ce kada ta yarda uwarta ta tsaya kallon zannuwa jirgi ya tashi. Da suka iso gadar Binuwai ya ce, "Kin ji iskar gida?" Ta ce ta ji. A Gombi ya ce a sayo masa masara mai laushi saboda haƙora. Muryarta na ƙara ƙarfi shafi bayan shafi, har ta fara riga shi. Ita ta ce masa ga Hong, ga Mararraba, ga mayo ya cika. Ya ce ai lokacin gudun hijira ma da muka haye duwatsu da ƙafa muka bar garin nan, ta kan gadar nan muka dawo.

Sai shafinsu na ƙarshe, wato naka na farko. Ƙofar gida, mangwaro, benci. Ɗigon ya shiga ƙofa ya tsaya. Fanna ta ƙura wa shafin ido, ta ɗago ta kalli ƙofar gaske, ta sake kallon ta takarda.

Baba ya ce, "To ni ina nake?"

Ta ce, "Ba ka ciki. Bencin ba kowa."

Ya ce, "Ka ji shashashan yaro, ya zana benci ya manta mai benci."

Da gudunta na 'yan taku ta shiga ta ɗauko fensir. Ta zana shi a zaune, kai kamar kabewa, da sanda, da hula. Jan fensir kaɗai ta samu, don haka hular ja ce. Ta ce, "In na dawo a nan zan same ka?" Ya ce, "A nan." Ta ce, "In ka tashi fa?" Ya ce, "Salla da barci kaɗai za su tashe ni. Littafi ai ba ya ƙarya."

Daren nan ta ci tuwo har da ƙari. Washegari ita ta kawo mini tef ta ce in auna ta. Na koma bayan ɗaki na yi kukan da na daɗe ban yi irinsa ba, na gode wa Allah, na gode wa ledar Tizhe da ta ƙare. Har yau Baba bai san a juye ya buɗe ba, kuma duk wanda ya gaya masa ni da shi ne.

Ita ta yarda. Saura ni, da ka bari da layinka a ƙirji.

Yayarka,
Sumayya

Haidarabad
6 ga Agusta

Adda,

Ki yafe mini, don girman Allah ki yafe mini. Lafiyata ƙalau. Wayata ce ta faɗa ruwa ranar da aka yi wani ruwan da ya cika titi, mai gyara ya riƙe ta yana yau yana gobe, ni kuma ga jarrabawa. Yau na karɓo ta, takardunki biyu suka shigo tare. Na karanta ta farko a tsaye, ta biyu sai da na nemi wuri na zauna.

Adda, ranar komawa nake nufi! Na tambayi likita yaushe zai sallame ku don a yanki tikitin dawowa, ya ce ba zai iya faɗa ba sai ya ga yadda jikinta ya karɓi aikin. Ban san ta Habasha za ku koma ba ko ta wata hanya, shi ya sa na ce ba zan zana abin da ban sani ba. Ban ɓoye miki komai ba. Ga abin da ya ce da bakinsa: aikin babba ne, ba wanda zai ba ki tabbaci sai Allah, amma irinsa suke yi kullum, kuma yawancin yaran da ƙafarsu suke fita. Da na san yadda layin zai sauka a zuciyarki da na yanke hannuna kafin in rubuta shi.

Na zauna ina ta lissafin jirage, ban tuna cewa yarinya za ta juya shafi ta ga kwali ba. Da na gama takardarki ta farko har na ɗauko fensir zan ƙara shafuka. Da na gama ta biyu na mayar da shi. Kada a ƙara komai, kuma ki ce wa Tizhe kada ya kuskura ya sa ledar nan. Zan roƙa a yanka muku tikiti ta hanyar da kuka zo, don kada littafin Baba ya yi ƙarya.

Ki ce wa mai benci shashashan yaro ya gode. Ina jiran ku a filin jirgi, da gemuna.

Muktar

Haidarabad
12 ga Satumba

Zuwa ga Baba,

Tizhe, don Allah ka karanta masa a hankali, ka ɗaga murya.

Baba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ya gwiwa? Mu dai sai godiya. An yi wa amaryarka aiki, kuma Allah ya amsa addu'arku. Likita ya ce ramin ya toshe.

Da za a shiga da ita sun ce littafi ba zai shiga ba. Ta buɗe shi a shafin gado ta miƙa mini ta ce, "Umma, riƙe mini a nan, kada ki rufe." Haka na zauna da shi a buɗe a kan cinyata har aka fito da ita. Muktar na ta zirga-zirga kamar kazar da za ta yi ƙwai. Da ta farfaɗo ba ta iya magana, akwai roba a bakinta, amma ta miƙo hannu. Na ɗora mata shi a gefen gado inda za ta gani. Ta sa yatsa a kan ɗigon farko ta koma barci.

Yanzu tana takawa a baranda, tana cin shinkafa tana ƙorafin ba manja. Akwai wata nas Musulma da ta ɗauki littafin ta buɗe ta dama ba tare da an gaya mata ba, ta ce su ma na yarensu haka suke buɗewa. Fanna ta ce in gaya maka, ashe har Indiya an san kai ne da gaskiya.

Tizhe, wannan naka ne. Na ji mamanka ta sa an yi wa Fanna addu'a a cocinku. Ka ce mata na gode, Allah ya bar zumunci.

Baba, ta ce in tambaye ka ko kana nan inda ta bar ka.

'Yarka,
Sumayya

Kolere, Mubi
19 ga Oktoba

Ƙanina Muktar,

Assalamu alaikum. Mun iso lafiya, mun sami kowa lafiya. Ina fata ka huta da ɗawainiyarmu, ka koma kan karatunka da muka hana ka. Gida cike yake da 'yan barka, sai yau na sami sararin zama.

Tun da muka rabu da kai a filin jirgi littafin bai bar hannunta ba. Duk inda muka sauka sai ta juya shafi ɗaya, ba ta yarda ta leƙa na gaba kafin lokacinsa. A Habasha da na tsaya gaban wani shago sai ta ja mini mayafi ta ce Kaka ya hana. A Gombi lokacin masara ya kusa wucewa, direba na ta hon, amma sai da muka samo mai laushi. Muka wuce Mararraba. Ta riƙe shafin ƙarshe da yatsu biyu, ta kasa buɗewa. Ni ma sai tsoro ya kama ni. Tsoho ne, Muktar, kuma mun daɗe.

Abin da ban sani ba sai daga baya Tizhe ya ba ni labari. Tun ranar da muka tafi, daga an idar da asuba Baba ke fita kan bencin nan, sai salla ke tashe shi, sai duhu ke shigar da shi. A nan ake kai masa abinci. In ana ruwa ya rufa da buhun leda ya zauna. An yi suna a gidan ƙaninsa a Duvu, aka turo mashin, ya ce a kai gaisuwarsa. Tizhe ya ce masa, "Baba, yarinyan yana Indiya fa, ba zai zo yau ba, shiga ciki mana." Ya ce shi ba a gaya masa rana ba, wuri aka gaya masa. Har aikawa ya yi kasuwa aka sayo masa jar dara, shi da bai taɓa sa jar hula ba, wai haka aka zana shi. 'Yan unguwa sun fara raɗa cewa tsufa ya taɓa shi.

Hanya ta bushe, mai keke ya shigo da mu har kwanar gida. Fanna ta ce ya tsaya. Ta sauka, ta buɗe shafin, ta kalle shi, sannan ta ɗaga kai.

Ga mangwaro, ga benci, ga sanda a jingine. Ga jar hula.

Muktar, ta yi gudu. Ba irin 'yan takun nan da ka sani ba, da take yi ta tsuguna tana haki. Gudu sosai, mayafi na tashi, takalmi ɗaya ya fita. Na bi ta ina ihu ta tsaya, don bakina bai san an warke ba. Na iske ta a jikinsa, na kama haɓarta na juyo fuskar ina duba leɓɓan, yadda na saba tun tana jaririya. Jajaye ne, tana dariya. A nan na zauna a ƙasa gaban mutane.

Baba ya miƙo hannu. Ya shafa kanta, ya shafa fuskarta, ya karɓi masararsa. Can ya ce, "Amarya, kin daɗe. Bencin nan ya cinye mini mazaunai."

Ban san yadda zan raba godiyata ba. Kai ka zana, Tizhe ya haɗa, likitoci suka yi nasu, tsoho ya buɗe ta inda ya iya, Allah ya cika. Na ɗinka wa littafin jaka, Fanna ta rataye shi a kan gadonta, kuma ta ce ba na aro ba ne.

Baba ya ba ni saƙo biyu in gaya maka. Na farko, wai littafinka ya yi kyau amma ka yi mantuwa, ba ka zana hanyar zuwa ba, Allah ne kawai ya sa ba mu ɓata ba. Na ce zan faɗa maka. Na biyu ya faɗe shi ne jiya da yamma, bayan baƙi sun watse. Ya sa Fanna ta ɗauko littafin, ya buɗe ta dama, ya wuce gado, ya tsaya a shafin da kake ɗaga hannu. Ya daɗe yana kusanto da shi idonsa. Sannan ya ce in tambaye ka, shi wannan mai gemun, yaushe zai sa yatsansa a kan ɗigon? Ya ce bai cire jar hular ba tukuna.

Yayarka mai godiya,
Sumayya